Sallamar Diddigen Baba Datti

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma, da mai gaggawa da mai jan ƙafa. Ranar Lahadi, 12 ga watan Oktoba, 2025, jim kaɗan bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Datti mahauci a ɗakinsa da ke Tungan Maje, kan hanyar Zuba zuwa Gwagwalada. Ya rasu yana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar da ba ta wuce kwana huɗu ba. Ya bar matarsa Inna Luba, da 'ya'ya biyar, da jikoki, da mu da ba shi ya haife mu ba amma da sunansa ake kiranmu a fagen dambe. Ni ne Abdulhakim, direba a wani gida a Maitama, wanda 'yan kallo suka sani da Autan Datti. Ba a saba ganin ɗan dambe riƙe da alƙalami ba, sai a yi mini uzuri. Mun rabu da Baba ina fushi da shi a kan wani wasa da ya roƙe ni kada in yi, kuma ban sami wata hanyar yi masa magana ba sai wannan.

Baba, shekara goma sha shida ke nan da haɗuwarmu. Ina dako a kasuwar Zuba, sabon zuwa daga ƙasar Shinkafi, rigima ta haɗa ni da wani mai baro, na kai masa naushi ɗaya ya zauna. Ina cikin hura hanci sai na ji murya daga rumfar mahauta tana cewa hannun mutumin nan ba laifi, amma ƙafarsa ta jaki ce. Na juya a fusace, na tarar da dattijo yana feɗe rago, ko kallona ba ya yi. Ranar ka ba ni tsire har na ture, ka shimfiɗa mini tabarma a zaurenka, na yi shekara uku ina kwana a wurin ba ka taɓa tambayata yaushe zan tashi ba.

Duk Tungan Maje an san ƙofarka ta masu karaya ce. Birkilan da ya faɗo daga bene, ɗan acaɓan da mota ta ture, ɗan damben da ya daki goshin da ya fi ƙarfin hannunsa, duk wurinka ake kawo su ɗori. Ba ka tambayar mutum garinsu ko inda yake ibada, sai dai ka tambaye shi ko ya karya kumallo. Kana jan ƙashin kana zolayarsa a kan budurwar da ba shi da ita, kafin ya tuna ya yi ihu ka riga ka ɗaure karan.

Abin da ya raba ka da sauran tsofaffin 'yan dambe shi ne ido. Kowa a fage hannu yake kallo, kai ƙafa kake kallo. Mutum zai tsaya a gabanka sau ɗaya, ka faɗa masa wanda ya koya masa, da wanda ya koya wa wancan, wani lokaci har da sunan garin. Mu muna raina 'yan kokawa, muna ce musu masu rungume-rungume, su kuma suna ce mana masu hannu ɗaya, kai kuwa dariya kake yi mana duka. Ka ce da damben mahauta, da kokawar manoma, da shancin Maguzawa da ake yi da awarwaron ƙarfe mai kaifi a wuyan hannu, wanda ka gani sau biyu tun kana ƙarami, duk daga ɗaki ɗaya suka fito. Ka ce in kwance zaren da ɗan dambe ke naɗe hannunsa da shi, in zare ƙarfen ɗan shanci, sannan in dubi abin da ya rage. Gwiwa a lanƙwashe, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, hannun gaba a miƙe yana auna tazara. Ɗan kokawa da wannan hannun yake laluben wuya ko cinya, mu da shi muke tare fuska. Kuma a dambe da kokawa ba jini ke raba gardama ba, ƙasa ce. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ko bayansa ya taɓa ta, an gama da shi. Su su ce kaye, mu mu ce kisa.

Wata Asabar na roƙi maigidana mota, na kai ka inda 'ya'yan manya ke koyon kareti da judo a Maitama, don kawai in ga ranar da za ka rasa abin faɗa. Ka zauna a kujerar roba, hularka a gwiwa, kana kallon ƙafafunsu kusan awa guda. Da aka tashi ka ce masu judon 'yan kokawa ne aka ɗinka musu riga don a sami abin kamawa. Ka nuna wasu biyu cikin masu karetin, ka ce waɗannan ba malamin nan ya fara koya musu ba, amma malaminsu na farko da shi kakansu ɗaya. Malamin ya buɗe baki, ya ce haka ne, ya tambaye ka a wace ƙasa ka yi karatu. Ka ce masa a mahautar Mafara.

Gidanmu ma yana da tasa alamar. Kafin mu kai naushin farko, mukan buga diddigen ƙafar baya a ƙasa sau biyu, a hankali, yadda ɗan kallo ba zai lura ba. Sunan abin sallama. Ka ce ubangidanka Yamusa, mahaucin da ya yi kokawa kafin ya naɗa zare, shi ya koya maka, kuma ma'anarta neman izinin ƙasa, tunda ɗayanku a kanta zai kwanta. Dokarta guda ce. In ka yi sallama abokin karawarka ya amsa da nasa diddigen, to ɗan gidanku ne ko ba ka taɓa ganinsa ba, sai ka kwance zare ka fita. Na yi shekara goma sha uku ina dambe ba wanda ya taɓa amsa mini, har na mayar da ita kamar gyaran hula.

Sai ga Abednego. Mutumin tsaunukan Filato ne, yana gadi a Sheda, yana kuma noman doya a can. Kokawa ya gada, ya kayar da duk mai kayuwa daga Kwali har Abaji, sannan ya naɗa zare ya shiga ɓangaren Kudu. Ni ina ɓangaren Arewa, don haka a tsarin gidan dambe babu abin da ya hana mu karawa. Ya yi kisa bakwai a jere, ni kuma ba a taɓa kai ni ƙasa a Abuja ba, sai aka sa mana ranar Lahadi 26 ga Oktoba. Ba zan ɓoye ba, na ƙagu ranar ta zo. Shekaruna talatin da huɗu, kuma na san wannan ne wasan da za a riƙa tunawa da ni.

A watan Satumba ka zo gidan damben da muke wasa ka ga Abednego. Ina zaune kusa da kai. Yana shiga fage ya tsaya, na ga goron da ke hannunka ya faɗi ƙasa ba ka duƙa ka ɗauka ba. Ashe abin na cinka, har ranar Talata 7 ga Oktoba ka hau motar haya kai kaɗai, da tsufanka da ciwon gwiwarka, ka tafi Sheda ka same shi a gona. Ka zauna a kan kunya kana tambayarsa wa ya koya masa tsayuwa. Ya ce kakansa. Kakan kuma ya koya ne a wurin wani Bahaushe mahauci da ke yanka wa masu haƙar kuza nama a zamanin Turawa. Kai kuwa ka san Yamusa ya yi shekara bakwai yana ci-rani a kuza. A hanyarka ta dawowa ruwan ƙarshen damina ya dake ka tun daga titi har gida.

Washegari da hantsi ka aika a kira ni. Na same ka lulluɓe da bargo, muryarka ta dishe. Ka ce Abednego yana sallama, jikan gidanmu ne ta wajen kokawa, in janye. Na yi dariya, na ce yaushe mutumin Filato ya zama ɗan gidan mahautan Mafara. Sai ka faɗa mini abin da ba ka taɓa faɗa wa ko ɗaya daga cikinmu ba.

Shekarar 1974 ce, bayan girbi, a wani ƙauye na ƙasar Anka. Kana ganiyar ƙarfinka, Yamusa bai zo ba, aka fito maka da wani baƙo mai suna Labaran. Kowane gidan dambe yana da takensa, wato kiɗan da in aka kaɗa shi jikin ɗan gidan ke tsuma ko ba ya so. Da makaɗa suka kaɗa maka taken Yamusa, ka ga jikin baƙon ma yana rawa, ka ɗauka tsoro ne. Ka yi sallama. Ya amsa. Ka gani da idonka, ba ka yi musu ba. Ya miƙe tsaye, ya sauke hannun da yake tare fuska, ya kai zarensa baki zai kwance, kai kuwa kiɗa ya riga ya hau kanka, ka sauke masa hannu a gefen kunne. Fage ya ɗauka, kisa, kisa. Aka ɗaga ka a kafaɗa aka zagaya da kai sau uku ana tsallake shi, kowa na cewa ka kashe shi, kai ma kana faɗa da bakinka kana dariya. Sai da mutane suka fara watsewa aka lura har yanzu bai tashi ba. Tsohon yaron Yamusa ne da ya bar gida kafin zuwanka. Yamusa ya yi masa wanka da hannunsa, bai zage ka ba, bai ɗaga maka murya ba. Ya dai hana a sake kaɗa taken gidansa har abada, kai kuma ba ka ƙara naɗa zare ba.

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma kaina ya ɗau zafi, na tuna an riga an buga hotonmu an manna a Zuba da Gwagwalada, na tuna yadda 'yan Kudu za su yi da sunana. Na ce:

"Baba, tsufa ne ya sa maka tsoro. Abin da ya faru tun ba a haife ni ba ba zai zubar mini da suna ba."

Ba ka dubi fuskata ba, ƙafata ka duba. Ka ce:

"To, Auta. Allah ya tsare."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Kwana huɗu kana kwance, 'yarka Zakiyya ta kira ni sau biyu, na ce mata maigida yana da baƙi. Ƙarya nake yi, babu wani baƙo. Jira nake ka huce, ko ni in huce, ban ma san wanne ba.

Ranar Lahadin ina gidan dambe ina kallon wasan wasu. Rana tana nan sarai, babu hadari babu iska. Habibu mai kalangu, wanda bai kai shekara arba'in ba, yana kaɗa wa wani ɗan damben ɓangaren Guramada takensa, sai kiɗan ya sauya a tsakiya. Ban taɓa jin irinsa ba. Ba shi da saurin kiɗan dambe, bugu uku ne masu nauyi sannan shiru, kamar an yi tambaya ana jiran amsa, sannan a sake. Tsikar jikina ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ban san lokacin da na tashi daga benci ba, sai ganina na yi a tsakiyar fage babu takalmi, jikina na karkarwa. Da na ɗaga kai, ga Abednego ya fito daga wancan gefen, shi ma jikinsa na rawa, yana kallona kamar mai neman in faɗa masa abin da ya fito da shi. 'Yan kallo suka ɗauka tallar wasanmu muke yi, suka ɗaga wayoyi suna shewa. Habibu ya yar da makaɗinsa ya riƙe wuyan hannunsa. Daga baya ya rantse mini bai san kiɗan ba, ba a koya masa ba, kuma ko za a yanka shi ba zai iya maimaita shi ba. Ina komawa benci na tarar wayata na ƙara a aljihun riga. Zakiyya ce. Ta ce, Yaya Auta, Baba ya cika.

Ran addu'ar uku da hantsi muna zaune a ƙofar gida, wani ya kunna hoton bidiyon abin da ya faru a gidan dambe a wayarsa, ƙasa-ƙasa, yana nuna wa na kusa da shi. Ba a jima ba aka ce Inna Luba na kirana. Na durƙusa a bakin ɗakinta, tana bayan labule saboda takaba. Ta ce:

"Auta, wa ke kaɗa taken Yamusa a ƙofar gidana?"

Na ce mata ban san taken Yamusa ba, ba wanda ya san shi a cikinmu. Ta ce ita ta san shi. Tana budurwa tana tallar ƙosai a bakin fage ranar da Labaran ya faɗi, kuma tun ranar kunnenta bai sake jinsa ba sai yau. Na faɗa mata inda aka kaɗa shi da lokacin. Sannan ta ce ka yi la'asar a zaune, ka kwanta ta gefen dama, tana yi maka fifita, sai ta ji ƙara a kan tabarma. Ta duba, diddigenka ne. Sau biyu. Ta kira sunanka ba ka amsa ba.

Na san mamaci ba ya kiɗa, ba ya aike. Na kai maganar wurin limamin unguwarmu, ya ce in bar abin da ya fi ƙarfin sanina a hannun Allah, in yawaita yi maka addu'a, kuma na bi maganarsa. Abin da na gani na faɗa, ban ƙara ba. Mutum biyu da ba su haɗa yare ba, ba su haɗa alƙibla ba, suka tashi wa kiɗa ɗaya da ba su taɓa ji ba, kuma duk gidan damben nan ba wanda ya motsa sai su.

Bayan sadakar bakwai na tafi Sheda. Na sami Abednego yana haƙar doya, ya ajiye fartanya ya yi mini gaisuwa kamar shi ma mahaifinsa ne ya rasu. Ya ce kakansa ya taɓa gaya masa in ya buga ƙafa wani ya amsa, ya sake shi, ɗan'uwa ne, shi kuwa ya ɗauke ta maganar tsofaffi. Na ce to mu janye tare. Ya sunkuyar da kai ya ce:

"Oga Auta, kai Bahaushe ne, dambe gadonka. Ni shekara huɗu ina wahala kafin su yarda ni ɗan dambe ne. In na janye za su ce daman ba abin mu ba ne, ba za su sake bari wani ɗan garinmu ya ɗaura zare ba. In ka fito, dole ni ma in fito. Allah ya sani ba na so."

Na dawo ina juya maganar a mota, na ga gaskiya ya faɗa. Cikin mu biyu ni ne mai sunan da za a iya zubarwa.

Ranar 26 ga wata gidan dambe ya cika har kan katanga, mutane daga Suleja, daga Mararraba, daga Gwagwalada. Na naɗa zarena kamar kullum, ban gaya wa kowa abin da ke raina ba. Muka shiga, alƙalin wasa ya ja baya. Na lanƙwasa gwiwa, na buga diddige sau biyu. Duk hayaniyar nan, Baba, wallahi na ji nasa, sau biyu shi ma. Sai na miƙe tsaye, na sauke hannuna na gaba, na kai zaren bakina. A nan na tuna haka Labaran ya tsaya a gabanka. Hannun Abednego yana baya a ɗane, 'yan Kudu na yi masa ihu ya sauke mini shi, kalangu na kiran sunansa, fuskata a buɗe tana jiransa. Na ga jijiyar wuyansa na harbawa. Ban rufe ido ba, don na ce in ta zo gara in gan ta. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali ya tsaya a gefen cinyarsa.

Zaren dambe dogo ne, ba ya kwantuwa da wuri. Na tsaya a tsakiyar fage ina warware shi zagaye bayan zagaye, ana jifana da ledar ruwa da ɓawon rake. Shugaban ɓangarenmu ya juya mini baya. Wani daga kan katanga ya ɗaga murya ya ce an binne zuciyata tare da Datti. Alƙali ya ɗaga hannun Abednego, shi kuwa kansa na ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Tun ranar 'yan Arewa ba su sake kirana ba, kuma na san ba za su kira ni ba. In na ce abin bai yi mini ciwo ba na yi ƙarya. Har yau in na bi ta Zuba hulata nake ja in rufe goshi.

Ya Allah, ga bawanKa Datti ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi. Ka dubi ƙasusuwan bayinKa da ya ɗora, da baƙin da ya kwantar a zaurensa, da shekara hamsin da ɗaya da ya yi yana tuba a kan naushi guda. Ka jiƙan Yamusa, Ka jiƙan Labaran, Ka shiga tsakaninsa da Baba ranar da ba mai shiga tsakani sai Kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Luba, Allah ya ba ta haƙuri da juriya, da Zakiyya da 'yan'uwanta, da jikoki, da mahautan Tungan Maje, da duk wanda ya taɓa kai hannu ko ƙafa ƙofar nan a karye ya koma da ita a ɗaure. Ina yi wa Abednego ma, tunda shi ma gidansu aka yi rashin. Allah ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Baba, abin da ka roƙe ni na yi shi. Da na yi shi ranar Larabar nan da ka ji da kunnenka, da na zauna na yi maka fifita kwana huɗun. Ka yafe mini.

Abdulhakim Autan Datti,
Maitama, Abuja.